MAJAMI'AR EYAM: Ƙauyen Ingila Da Ya Kulle Kansa Domin Maƙwabta Su Tsira

Wanda duk ya ratsa ƙasar Ingila a jirgin ƙasa ko a mota, in ya leƙa ta taga, abin da zai fara hangowa kafin rufin gidajen ƙauye shi ne hasumiyar majami'a. Kusan kowane tsohon ƙauye yana da tasa, ginin dutse, kewaye da maƙabarta da manyan itatuwa. Majami'un Ikilisiyar Ingila sun kai wajen 16,000, da yawa daga cikinsu kuwa sun ba shekara 600 baya. Baƙo ya kan ɗauka duk ɗaya su ke, amma mutanen wurin sun san kowace da labarinta. Yau za mu ba masu karatu labarin guda ɗaya daga cikinsu, watau majami'ar wani ƙauye da a ke rubuta sunansa Eyam, a ke furta shi "Im". Ba girma ya sa ta shahara ba, don akwai ɗaruruwa da su ka fi ta girma da ado. Abin da ya faru a ƙofarta cikin shekarar 1665 da ta 1666 shi ya sa har yanzu mutane ke tahowa daga nesa su gan ta.

INDA GARIN YA KE

Eyam yana cikin lardin Derbyshire, a tsakiyar Ingila, kimanin mil 150 arewa da birnin Landan, kamar mil 12 kuma daga birnin Sheffield. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, mai sanyi da yawan hazo. Gonaki ba su da albarka ƙwarai, saboda haka tun zamanin da sana'ar mutanen wurin ita ce kiwon tumaki da haƙar darma. Garin dogo ne, gidajen dutse jere a bakin hanya guda, majami'a kuwa tana tsakiya. Mazaunansa a wannan zamani ba su wuce kimanin mutum 1,000 ba.

Sunan garin ya fito cikin babban littafin ƙidaya da Sarki Wiliyam na Ɗaya ya sa aka rubuta a 1086, bayan ya ci ƙasar Ingila da yaƙi, domin ya san abin da kowace ƙasa ke da shi da harajin da za ta iya biya. Ashe ke nan garin ya girme wa wannan littafi.

AIKIN MAJAMI'A A ƘAUYE

Kafin mu shiga labari ya kamata mai karatu ya san matsayin irin wannan gini a wurin mutanen da. An rarraba Ingila duka ƙanana-ƙananan gundumomi na addini, kowace da majami'arta da limaminta. A nan a ke yi wa jariri baftisma a raɗa masa suna, a nan a ke ɗaura aure, a nan a ke binne mamaci. Amma aikin bai tsaya ga addini ba. Dokar 1555 ta ɗora wa kowace gunduma gyaran hanyoyinta, dokar 1601 kuma ta ɗora mata ciyar da matalautanta. Dattawan gari su kan taru a wani ɗaki na majami'a su yanke abin da kowa zai biya. Watau a lokaci guda ita ce wurin ibada, ita ce majalisa, ita ce baitulmali. Abincin liman kuwa daga ushirin amfanin ƙasa ya ke fitowa, a Eyam har da rabo daga darmar da aka haƙo.

Akwai wani aiki kuma wanda shi ne gishirin labarinmu. A 1538, zamanin Sarki Henri na Takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umurni kowace majami'a ta ajiye littafi, a riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Littafin Eyam da ya wanzu ya fara daga 1630. Ba domin wannan littafi ba, da yau ba mu san sunan ko mutum goma daga cikin waɗanda za mu ambaci mutuwarsu ba.

GICCIYEN DUTSE DA GININ

Abin da ya fi kome tsufa a wurin yana waje, cikin maƙabarta. Wani gicciye ne na dutse, ya ɗara mutum tsawo, an sassaƙa masa siffofin mala'iku da rassan inabi da zane mai sarƙaƙiya kamar saƙar igiya. Masana sun ce aikin ƙarni na 8 ne ko na 9, zamanin da Ingila ba ta zama ƙasa guda ba tukuna, wannan yanki yana ƙarƙashin sarautar Mercia. A wancan lokaci ƙauyuka da yawa ba su da majami'a, sai mai wa'azi ya zo ya tsaya gindin irin wannan dutse, jama'a su taru. Wani yanki na jikinsa ya ɓace, shi ya sa kansa ya ke zaune kamar wanda aka gutsure wa wuya. Duk da haka ana lissafa shi cikin mafiya kyau da su ka rage a ƙasar, gama ire-irensa da yawa an farfashe kawunansu zamanin rigingimun addini.

Ita majami'ar, wadda a ke kira da sunan Waliyyi Lawrence, mafi yawan tsohon gininta na ƙarni na 13 ne da na 14. Fasalinta irin na sauran ne: doguwar farfajiya inda jama'a ke zama, gefen gabas wurin liman da bagadi, gefen yamma hasumiya mai ƙararrawa. Ba a gina ta rana ɗaya ba. Kowane zamani ya zo ya ƙara nasa, wani ya faɗaɗa gefe, wani ya buɗe taga, wani ya sāke rufi. Wanda ya iya karatun dutse ya kan bi bango yana nuna maka inda hannun wani magini ya tsaya, na wani ya ɗauka.

LIMAMAI BIYU A GARI ƊAYA

A 1642 yaƙin basasa ya tashi a Ingila tsakanin Sarki da Majalisa, kuma da addini a cikin rigimar. Waɗansu suna son a bi tsarin bishop-bishop da littafin addu'a na Sarki, waɗansu kuwa, masu tsanantawa, suna son a kawar da duk wani ado da al'ada da ba su gani cikin Littafinsu ba. Majalisa ta yi rinjaye, aka sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. A zamanin nan limamin Eyam shi ne Thomas Stanley, mutumin ɓangaren masu tsanantawa, wanda ya kama aiki a 1644. Mutanen gari sun saba da shi, suna kuma girmama shi.

Da sarauta ta komo a 1660, sai reshe ya juye da mujiya. A 1662 aka kafa doka, kowane liman ya rantse zai bi littafin addu'ar Sarki, in ya ƙi a tuɓe shi. Limamai wajen 2,000 su ka ƙi, Stanley yana cikinsu. Ya rasa aiki da albashi, amma daga baya ya ci gaba da zama cikin garin. A 1664 aka kawo sabon liman, William Mompesson, saurayi wanda bai kai shekara 30 ba, da matarsa Catherine da 'ya'yansu ƙanana biyu. To, ga baƙo riƙe da mumbari, ga tsoho riƙe da zukatan jama'a, ra'ayinsu kuwa ya yi hannun riga. A kan wannan hali masifa ta tarar da garin.

ƘUNSHIN TELA

A 1665 annoba ta faɗa wa Landan. Takardun hukuma sun lissafa mutum fiye da 68,000 da ta kashe a shekarar, masana kuwa suna ganin ainihin adadin ya kusa 100,000. Ciwo ne mai fara da zazzaɓi da ciwon kai da amai, sa'an nan kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, baƙaƙen tabo su fito a jiki, cikin 'yan kwanaki mutum ya cika. A lokacin ba wanda ya san sanadinsa. Waɗansu sun ce gurɓatacciyar iska ce, waɗansu sun ce fushin Ubangiji ne. Sai a 1894 wani likita, Alexandre Yersin, ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, bayan shekara huɗu kuma aka gane ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta kai wa mutum.

Wajen ƙarshen watan Agusta na 1665, in ji labarin da aka gāda, aka kawo wa wani tela na Eyam, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Mai taimakonsa, George Viccars, ya kwance ya tarar da danshi, ya shanya a bakin murhu. Ba a daɗe ba ya kwanta. Littafin majami'a ya nuna an binne shi ran 7 ga Satumba. Bayan mako biyu wani ƙaramin yaro na gidan ya bi shi, sa'an nan maƙwabta. Gidajen nan suna nan har yanzu, 'yan taku kaɗan daga majami'a, kowane da allo a ƙofa mai sunayen waɗanda su ka mutu a ciki.

Kafin shekara ta ƙare an binne fiye da mutum 40. Da sanyi ya tsananta ciwon ya lafa, har zuwa watan Mayu na 1666 mutane su ka fara cewa an tsira. Waɗansu masu hali sun riga sun kwashe iyalinsu sun bar gari. Mompesson kansa ya aika da 'ya'yansa biyu wurin dangi, ya roƙi matarsa ta bi su, ta ƙi, ta ce inda ya zauna nan za ta zauna. Da zafi ya shigo cikin watan Yuni, sai annoba ta komo da ƙarfin da ya fi na fari.

SHAWARA UKU

Nan fa hankali ya tashi, kowa ya fara ɗaure kaya. Mompesson ya duba ya ga in mutanen nan su ka watsu, za su kai ciwon Bakewell da Sheffield da sauran garuruwan arewa, inda jama'a ta fi yawa nesa ba kusa ba. Amma ya san maganarsa ita kaɗai ba za ta tsai da kowa ba, shekararsa biyu kacal a garin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai shi da Stanley, mutumin da aka tuɓe daga kujerar da shi ya ke kai, su ka ajiye gardamar addini gefe, su ka fuskanci jama'a da murya ɗaya. Aka yarda da abu uku.

Na fari, an daina taron jana'iza, an daina kai gawa maƙabartar majami'a. Kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, da sauri, a lambu ko a gona. Ga mutanen da su ka gaskata kwanciya a tsattsarkar ƙasa kusa da iyaye da kakanni wani babban abu ne, wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Na biyu, an rufe majami'a. Aka mai da ibada wani kwari a bayan gari da a ke kira Cucklett Delf. Liman ya kan hau wani dutse mai kogo ya yi wa'azi, iyalai su tsaya a gangare, kowane gida nesa da ɗan'uwansa.

Na uku shi ne mai wuya. Aka shata iyaka kewaye da gari, ba mai fita, ba mai shiga, har ciwon ya wuce. Ba soja, ba ɗan doka, ba ganuwa, ba ƙofa. Alkawari kaɗai ya riƙe su.

To, me za su ci? Babban basaraken yankin, mai sarautar Devonshire, wanda gidansa ke Chatsworth, 'yan mil kaɗan daga nan, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani. Mutanen ƙauyukan kewaye kuma su kan kawo kaya su ajiye a bakin iyaka su ja da baya. Akwai wani dutse tsakanin Eyam da ƙauyen Stoney Middleton da aka huda wa ramuka shida. A ciki a ke zuba ruwan tsami irin wanda Turawa ke kira biniga, a jefa kuɗin kaya, don sun ɗauka tsamin yana kashe cutar. A arewacin gari kuma akwai wata 'yar rijiya inda a ke yin haka, har yau ana kiranta Rijiyar Mompesson. Dutsen da rijiyar duk suna nan.

WATAN AGUSTA

Wanda ya buɗe littafin majami'a ya duba shafukan watannin nan, ba ya bukatar mai ba shi labari. A Yuli an rubuta fiye da mutum 50. A Agusta sun kusa 80, wata rana biyar, wata rana shida, a ƙauyen da a shekarun lafiya a kan yi mako biyu ba a haƙa kabari ba. Sunan gida guda ya kan fito yau, ya fito gobe, ya fito jibi, sa'an nan ya ɓace daga littafin ɗungum.

A wata gona da a ke kira Riley, a gefen gari, wata mace mai suna Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, daga ran 3 zuwa ran 10 ga Agusta. An ce mutanen Stoney Middleton suna hangenta daga kan tudu tana jan gawa ita kaɗai, ba wanda ya iya matsowa. Kaburburan suna nan a tsakiyar makiyaya, an kewaye su da ɗan gajeren bango.

Akwai kuma Marshall Howe, mahaƙin darma, wanda ciwon ya kama ya tashi. Da ya ga ya sha, sai ya shiga binne waɗanda ba su da sauran mai binne su, ana cewa ya kan biya kansa lada daga kayan mamatan. Daga bisani annobar ta shiga gidansa ta ɗauke matarsa da ɗansa.

Catherine Mompesson ta yi ta bin mijinta gida-gida suna duba marasa lafiya, ko da ya ke ita ma ba mai ƙarfin jiki ba ce. Ana ba da labari wai wata rana da maraice suna tafe cikin gona ta ce masa iska tana ƙanshi, gabansa ya faɗi, gama mutanen lokacin sun ɗauki jin wannan ƙanshi alamar kamuwa. Ta rasu wajen ƙarshen Agusta tana da shekara 27, aka binne ta a maƙabartar majami'a kusa da tsohon gicciyen nan. Mompesson ya rubuta wa 'ya'yansa takarda yana ba su labarin uwarsu, ya rubuta wa ubangidansa Sir George Savile wata yana sallama da shi, don ya sa rai shi ma tafiya zai yi. Kwanansa na gaba, bai mutu ba.

Mutum na ƙarshe, Abraham Morten, an rubuta shi ran 1 ga Nuwamba 1666, wata 14 bayan George Viccars. A takardar da Mompesson ya aika wa wani kawunsa cikin watan nan ya ce ciwon ya shiga gida 76. Adadin da aka saba faɗa na matattu shi ne 260. Aka tattara tufafi da shimfiɗu aka ƙone, liman ya fara da nasa domin a yi koyi da shi. Stanley ya zauna a garin har ya rasu a 1670. Mompesson kuwa aka mai da shi wani ƙauye, Eakring, cikin lardin Nottinghamshire, ya sāke aure, ya yi zamansa a can har ƙarshen ransa.

TSAKANIN LABARI DA LITTAFI

Labari in ya daɗe a baki ya kan yi ƙiba. Yawancin abin da a ke faɗa a kan Eyam an rubuta shi ne da daɗewa bayan abin ya wuce. Wanda ya fi kowa yaɗa shi wani ɗan garin ne, William Wood, wanda ya buga tarihin ƙauyen a 1842, shekara 176 bayan annobar, ya kuwa tsinci da yawa daga bakin tsofaffi. A wurinsa aka sami labarin Emmott Sydall, budurwar da a ke cewa ta kan fito bakin kwari su hangi juna da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, har ranar da ya zo bai gan ta ba. Littafin majami'a ya tabbatar da mutuwarta cikin Afrilu 1666. Zancen hangen juna kuwa na baka ne.

Wood ya ce mutanen garin 350 ne kafin annoba, watau ke nan kashi uku cikin huɗu sun mutu. Masu bincike na baya sun bi littafin majami'a da takardun harajin murhu, gida-gida, su ka tarar jama'ar ta kai 700 ko fiye. Saboda haka waɗanda su ka mutu sun ɗara kashi ɗaya cikin uku kaɗan. Wannan ma ya wuce rabon da Landan ta rasa. Haka kuma, marubutan ƙarni na 19 sun ba Mompesson yabo duka, alhali wani malamin addini na yankin ya rubuta tun 1702 cewa Stanley ya cancanci babban rabo a ciki.

A 2016 waɗansu masana biyu su ka ɗauki sunaye da ranakun da ke cikin littafin nan su ka auna su da lissafi na zamani. Abin da su ka samu shi ne, wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda su ka kamu, daga mutum su ka ɗauka, ba daga ɓera ba, zama gida ɗaya da mai ciwo kuwa shi ne babban haɗari. Ka ga aikin alƙalami. Liman ya rubuta suna da kwanan wata don ya sauke wajibinsa, bai san bayan shekara 350 likitoci za su yi karatu a kai ba.

Sauran tambaya guda, mai nauyi. Shin kullen nan daidai ne? Waɗansu masana sun ce tsare mutane wuri ɗaya da cuta shi ya ƙara yawan matattu, da an bar su sun bazu cikin duwatsu sun yi bukkoki, da waɗansu sun tsira. Waɗansu kuma sun nuna matalauta ne su ka zauna, masu hali sun riga sun fice, wanda ma ya fita ba lalle wani gari ya karɓe shi ba. Duk wannan abin dubawa ne. Amma abu biyu sun tabbata. Mutanen Eyam sun biya da rayukansu, annobar kuwa ba ta yi irin wannan ɓarna a garuruwan da ke kewaye da su ba. Sun yi aiki da iyakar sanin zamaninsu, abin da su ka yi kuma, watau raba taro, da nisantar juna, da tsai da tafiye-tafiye, shi ne duniya ta koma yi a 2020 da cutar korona ta ɓarke. A shekarar nan jaridun ƙasashe da yawa sun tuna da wannan ƙauye.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

A ƙarni na 19 an yi wa majami'ar babban gyara sau biyu, na fari a 1868 zuwa 1869 a hannun shahararren mai tsara gini George Edmund Street, na biyu a farkon shekarun 1880. Duk da haka tsofaffin kaya da yawa sun tsira. Akwai kwamin dutse na baftisma wanda ya girme wa bangon da ke kewaye da shi. Akwai mumbarin katako na ƙarni na 17, da wata kujerar itacen oak da aka sassaƙa wa shekarar 1665, wadda a ke dangantawa da Mompesson. A saman bango akwai zane-zanen tambarin ƙabilu 12 na Bani Isra'ila, waɗanda aka shafe da farar ƙasa, aka manta da su, sai a shekarun 1960 masu gyara su ka tono su. Akwai littafi a buɗe mai sunayen waɗanda annoba ta kashe, da tagar gilashi mai launi da aka sa a 1985, wadda ta zana labarin tun daga ƙunshin tela har wa'azin kwari.

A waje, jikin bangon kudu, akwai agogon rana na 1775. Faifan dutse ne da ƙarfe a tsakiya, inuwar ƙarfen tana nuna sa'a, an kuma zana masa layukan da ke nuna watanni da lokacin tsakar rana a waɗansu biranen duniya. Cikin maƙabarta kuma akwai kabarin wani ɗan wasan kurket, Harry Bagshaw, wanda ya rasu a 1927. An sassaƙa masa hannun alƙalin wasa da yatsa a sama, alamar da a ke yi wa ɗan wasa in an fid da shi daga fili. Ko a maƙabarta Bature ba ya rasa abin raha.

Kowace shekara, ran Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, jama'a su kan taru a majami'a su yi jerin gwano zuwa Cucklett Delf, a yi addu'a a fili kamar yadda kakanni su ka yi. A ranar a kan ɗora furanni a kan kabarin Catherine Mompesson. Tun 1994 kuma garin yana da ɗan gidan tarihi inda 'yan makaranta ke zuwa da malamansu.

WA KE RIƘE DA GININ?

Mai karatu zai zaci Gwamnati ce ke kula da irin waɗannan gine-gine. Ba haka ba ne. Gwamnati ta sa majami'ar Eyam cikin jerin gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a sāke musu fasali ba da izini ba, amma nauyin gyara yana wuyan jama'ar gunduma. Dokar 1955 ta wajabta kowace shekara biyar gwanin gini ya zo ya duba majami'a daga tushe har rufi, ya rubuta abin da ya lalace. Kuɗin aikin kuwa sai a nema, daga sadakar masu ibada, da kyautar baƙi, da taimakon ƙungiyoyi, da 'yar kasuwar da matan gari kan ci a filin majami'a.

Nan ne damuwar ta ke. Masu zuwa ibada ran Lahadi a ƙauyukan Ingila sun ragu ƙwarai, galibinsu tsofaffi ne. Liman guda ya kan riƙe ƙauyuka uku ko huɗu ko fiye. Ɓarayi kan hau rufi da dare su ɓamɓare darma su sayar, ruwa ya shiga ya ruɓar da katako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Majami'u da yawa an rufe su, waɗansu an mai da su gidajen zama. Eyam ta yi sa'a, labarinta yana jawo baƙi, baƙi kuma suna jefa abin da ya sawwaƙa cikin akwati. Maƙwabtanta da ba su da irin wannan suna, ga su da tsufa iri ɗaya, su ne abin tausayi.

Abin lura a nan, musamman ga malaman makaranta da almajiransu, shi ne abubuwan da su ka tsare wa Eyam tarihinta ba masu tsada ba ne. Littafi ne da wani ya riƙa cikawa kullum ba fashi, ko a ranar da ya binne matarsa. Dutse ne mai ramuka shida da manoma su ka bari a inda ya ke, ba su fasa shi sun yi shinge ba. Kaburbura bakwai ne a makiyaya da aka kewaye don kada shanu su tattake. Da ɗaya daga cikin mutanen nan ya ce wannan tsohon tarkace ne, da yau sai dai a ce wai an yi, wai an ce. Da tsohuwar zuma a ke magani. Mutanen Eyam sun mutu sun bar suna, na bayansu kuma sun san darajar abin da aka bar musu, sun riƙe.